Yadda Ake Haɗa Tayarod Na Motar Bugi Da Hannunka

Duk wanda ya ƙera motar bugi da kansa, ƙaramar motar nan mara jiki da ake shiga yashi da duwatsu da ita, ya san tayarod ɗin kasuwa ba kasafai yake dacewa da ita ba. Ko ya yi gajere, ko ya yi tsawo, ko kuma ya lanƙwashe ranar da taya ta fara gwabzar dutse. Tayarod shi ne sandar ƙarfen da ke kai motsin sitiyari zuwa gindin taya. In ya karye kana cikin gudu, sitiyarin da ke hannunka ba ya da sauran iko a kan tayar. Saboda haka in waldarka ba ta nuna ba tukuna, yi awo da yanka da kanka, ka kai wa gwani ya yi waldar.

Abin da za ka tanada

Bututun ƙarfe mai ƙarfi, irin wanda ake kira DOM, ko kuma ƙarfen kuromoli mai lamba 4130. Fayif ɗin ruwa ba ya cikin lissafi ko kaɗan: ƙarfensa mai taushi ne, kuma wanda aka shafe da zinki hayaƙinsa yana sa zazzaɓi in aka yi masa walda. Sai kawuna biyu ga kowane tayarod, masu ƙwallo a tsakiya, waɗanda ake kira Heim a Amurka. Ɗaya mai zaren dama, ɗaya mai zaren hagu; zare a nan shi ne tsagar nan da ake murɗa noti a kanta. Sai kututtuka biyu masu zare a ciki da ake cusa wa bakin bututu a yi musu walda, da notin kulle biyu, kowanne daidai da zaren kansa. Ƙusoshin ɗaurawa su zama masu darajar ƙarfi ta 10.9, ko ta 8 a ma'aunin Amurka.

Ga ƙaramar bugi, bututu mai faɗin inci 1 zuwa 1.25 da kaurin bango inci 0.120 shi aka fi amfani da shi. Manyan motocin hawa dutse masu manyan tayoyi kan kai inci 1.5 da bango inci 0.250. Dalilin kula da faɗi shi ne tayarod ba ja ne ke kashe shi ba, turi ne. Idan taya ta bugi abu, sandar na matsuwa daga ƙarshe biyu, sai ta gantsare a tsakiya. Siririyar sanda in ka ninka tsawonta, nauyin da za ta ɗauka kafin ta lanƙwashe yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Gwamma bututu mai faɗi da rami a ciki da siririn ƙarfe cikakke mai nauyi ɗaya da shi.

Mataki na farko: awo

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ya kamata ka ɓata yawancin lokacinka. Ajiye motar a fili shimfiɗaɗɗe, a kan tayoyinta, da nauyinta na yau da kullum. Kada ka auna tana kan jak tayoyi na reto, awon zai yaudare ka. Juya sitiyari ƙarshen dama, ka dawo ƙarshen hagu kana ƙirga zagaye, ka raba biyu, ka tsayar da shi a tsakiya ka ɗaure. Miƙe tayoyin gaba su fuskanci gaba sak. Yanzu auna daga tsakiyar ramin ƙusa na ciki, wato na ɓangaren sitiyari, zuwa tsakiyar ramin ƙusa na gindin taya.

Kafin ka taɓa bututu mai tsada, gwada da sandar katako ko tsohon fayif da ka huda daidai da awon. Cire sifirin da shokozoba, ka ɗaga gindin tayar sama har ƙarshe, ka sauke shi ƙasa har ƙarshe, kana kallon tayar. In ka ga tana juyawa ciki ko waje da kanta alhali sitiyari a ɗaure yake, akwai matsala. Wannan ne ke sa mota fizgar sitiyari duk sanda ta faɗa rami. Yana faruwa ne saboda tayarod da hannuwan da ke riƙe da taya suna zagaya baka daban-daban. Maganinsa shi ne mahaɗin tayarod na ciki ya zauna a kan layin da ya haɗa mahaɗan ciki na hannun sama da na ƙasa, kuma sandar ta bi karkatar hannuwan. Sau da yawa ɗaga kan waje da milimita kaɗan ta hanyar sa zobe a ƙarƙashinsa kan rage abin sosai. Yi ta gwadawa har motsin ya kusa ɓacewa. Ni a ganina yini guda a kan wannan bai yi yawa ba.

Mataki na biyu: lissafin yanka

Ɗaura notin kulle da kututtu a kowane kai, ka bar ɗan zare a waje domin saiti nan gaba. Ƙa'idar da masu ƙira ke bi ita ce zaren da ya shige ciki kada ya gaza faɗin jikin kan mai zaren sau ɗaya da rabi. Kan da ke da inci uku bisa huɗu ke nan yana son kusan milimita 29 a ciki. Auna daga tsakiyar ƙwallo zuwa kafaɗar kututtun, inda bakin bututu zai tsaya. Misali, in awonka na farko milimita 500 ne, kowane gefe kuma ya ci 60, bututun zai zama 380.

Mataki na uku: yanka da shiri

Yanke shi a miƙe, ka share bakin da giranda ya yi gangare domin walda ta shiga ciki sosai. Huda ramuka biyu masu fuskantar juna kusa da kowane baki, a inda jikin kututtun zai kwanta. Goge mai da tsatsa har ƙarfen ya yi ƙyalli.

Mataki na huɗu: walda

Cire kawunan kafin ka kunna inji. Da yawansu suna da shimfiɗar Teflon, wani irin roba mai santsi, a kewayen ƙwallon, zafi kuma narkar da ita yake yi. Cusa kututtun, ka ɗiga walda wuri huɗu, ka mirgina sandar a kan tebur mai santsi ka ga ko ta miƙe. Sannan ka cika ramukan nan biyu da walda, ka zagaye bakin kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan wancan, don kada zafi ya taru wuri guda ya murɗe zaren. Waldar TIG, wadda ake yi da gas ɗin argon, ta fi tsabta a nan, musamman ga kuromoli. Bar shi ya huce da kansa a iska. Kada ka tsoma shi a ruwa don sauri, 4130 yakan yi tauri ya zama mai saurin tsagewa kusa da waldar. Bayan ya huce, bi zaren da abin yanka zare, domin zafi kan ɗan matse shi. Yi wa gefen zaren hagu alama da za ka gane ko da laka ta rufe shi.

Mataki na biyar: ɗaurawa da saiti

Shafa man hana kamawa a zaren, ka murɗa kawunan biyu su shiga daidai da juna. Sa zobba masu gangare a gefen ƙwallon domin ya samu wurin karkata. Inda ƙusa ke riƙe da kan ta gefe ɗaya kawai, sa wosha mai faɗin da ya wuce idon kan, yadda ko ƙwallon ya fice, sandar ba za ta zame ta faɗi ba. Mafi kyau dai ƙusar ta ratsa faranti biyu, sama da ƙasa.

A nan za ka ga amfanin zaren dama da hagu: kana juya sandar da hannu tana tsawo ko tana gajarta ba tare da kwance komai ba. Da zare 16 a inci, zagaye ɗaya na canza tsawon da kusan milimita 3. Auna tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba biyu, ta gabansu da ta bayansu, ka sa gaban ya ɗan fi matsewa da milimita 2 zuwa 3, ka ɗaure notin kulle. Sake ɗaga ƙafar sama da ƙasa, sitiyari a ƙarshen dama da na hagu, ka tabbata babu inda kan ya ƙure ko sandar ta gogi wani abu. Ja layin fenti a kan noti da sanda, ka yi gwajin farko a hankali, ka dawo ka duba ko layin ya goce.