Yadda ake farautar tsiron da furensa ya rikiɗe a ɗakin gwaje-gwaje

Idan kana son sanin aikin wata ƙwayar gado a jikin tsiro, tsohuwar dabara ita ce ka lalata ta, ka zuba ido ka ga abin da zai ɓace. Tsiron da ya fi shan wannan aiki a hannun masu bincike shi ne Arabidopsis thaliana, wata 'yar ciyawa dangin kabeji, wadda Bajamushe Friedrich Laibach ya ba da shawarar a riƙa gwaji da ita tun 1943. Daga shuka zuwa girbi mako 6 zuwa 8 ne. Tana yi wa kanta barbara, guda ɗaya kan ba da dubban iri, kuma tun shekarar 2000 aka karanta kundin gadonta mai ƙwayoyi kusan 27,000.

Kafin komai, ka san lafiyayyen tsiro kamar tafin hannunka. Zaɓi nau'i ɗaya ka tsaya a kansa, ko Columbia ko Landsberg erecta. (Shi wannan na biyun ma rikiɗaɗɗe ne tun asali, shi ya sa yake gajere mai dunƙulallen kai.) Jiƙa irin, ka sa a firiji a kan digiri 4 na kwana 2 zuwa 4 don ya tsiro tare, sannan ka mayar da shi ɗakin reno mai zafin digiri 22, haske awa 16, duhu awa 8. Idan ya yi fure, tsinko ɗaya da hantsaki ka buɗe a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Zobe huɗu za ka gani, wani cikin wani: korayen ganyen marufi 4 a waje, fararen fallaye 4, zaren namiji 6 masu ɗauke da garin fure, huɗu dogaye biyu gajeru, sai mahaifar iri a tsakiya, wadda ɓangare 2 ne suka haɗe. Buɗe hamsin, buɗe ɗari, har idonka ya saba. Wanda bai san daidai ba, komai ya gani abin mamaki ne.

Daga nan sai jawo rikiɗar. Sinadarin da aka fi amfani da shi ana kiransa EMS, yakan sauya harafi ɗaya a rubutun gado, galibi G ya koma A. Ana jiƙa iri a ruwan da ke da kashi 0.2 zuwa 0.3 cikin ɗari na sinadarin, a bar shi ya kwana, a wanke sau da yawa, a shuka. Abin da ke sauya gadon tsiro zai iya sauya naka, yana kuma jawo ciwon daji. Saboda haka ba aikin ɗan koyo ba ne shi kaɗai: safar hannu biyu, akwatin zuƙe iska, kuma duk abin da ruwan ya taɓa sai an kashe dafinsa kafin a zubar.

Tsiran da suka fito daga wannan iri su ake kira M1, kuma kusan dukkansu za ka gan su garau. Kada ka ce aikin bai ci ba. Kowace ƙwayar gado kwafi biyu ce, sinadarin ya ɓata ɗaya, ɗayan yana rufa asiri. Sai a 'ya'yansu, wato M2, ɓatattun kwafi biyu ke haɗuwa a tsiro ɗaya. A cikin M2 ɗin, alamar da za ta nuna maka maganin ya kama ita ce ganin jefi-jefin 'yan tsirai farare fat, marasa kore, waɗanda ke mutuwa cikin kwanaki.

A nan ne nake ganin mutane suka fi yin asara: wajen girbin M1. Ya fi sauƙi a kakkaɓe irin duka a mazubi ɗaya, amma wannan sauƙin tsada gare shi. Da yawa daga cikin furannin da suka fi ban sha'awa ba sa haihuwa. Idan ka tsinci irin wannan a cikin iri mai gauraye, ka gani ne kawai, ya mutu da sirrinsa. Idan kuwa ka tattara irin kowane M1 a ambulan ɗinsa da lamba, ko ƙananan rukuni, sai ka koma wa 'yan'uwansa masu kama da lafiyayyu, domin a cikinsu akwai masu ɗauke da ɓataccen kwafi ɗaya. Ta hanyarsu ake riƙe zuriyar.

Yanzu sai zagaye tsakanin tukwane, kullum, da hantsaki da 'yan tutoci. Abin da zai taimake ka karanta furen shi ne tsarin ABC, wanda Enrico Coen da Elliot Meyerowitz suka bayyana a 1991. Tsarin ya kasa ƙwayoyin gadon da ke gina fure rukuni uku, A, B da C. Rukunin A shi kaɗai yana yin ganyen marufi. A da B suna yin fallaye. B da C suna yin zaren namiji. C shi kaɗai yana yin mahaifa. Kuma A da C kishiyoyi ne: duk inda ɗaya ya faɗi, ɗayan ya mamaye wurinsa.

Ɗauki misali. Ka ga fure cunkus da fallaye, ka ɓare ka tarar babu namiji babu mahaifa, sai wani furen a ciki, a cikinsa kuma wani. Wannan C ce ta mutu, sunan ƙwayar AGAMOUS, kuma shi ne irin bakararen da na ce ka tanadar wa 'yan'uwa. Ka ga fure kore ba farin falle ko ɗaya, marufi a kan marufi, zaren namiji ya koma mahaifa? Matsalar B ce, ko APETALA3 ko PISTILLATA. Idan kuma ganyen waje ne ya ɗauki siffar mahaifa, har da 'yan ƙwayayen iri a gefensa, nemi APETALA2 a rukunin A. Daga baya, a 2000, an ƙara rukunin SEPALLATA: a kashe uku daga cikinsu tare, duk furen ya zama ganyen marufi. Wasu kuma ba a zoben matsalarsu take ba. Idan ƙwayar LEAFY ta lalace, reshe ne ke fitowa inda fure ya kamata, idan CLAVATA ce kuwa sassan furen ne ke wuce adadi, kwanson irin ya kumbura kamar kulki.

Lokacin fure ba da kalanda kaɗai ake auna shi ba. Ƙirga ganyen da tsiron ya shimfiɗa a ƙasa kafin kara ya miƙe, wannan ya fi aminci. Masu jinkirin fure, irin waɗanda ƙwayar CONSTANS ko FT ta lalace musu, sukan tara ganye tuli a dogon yini. Wada kuma, fesa masa sinadarin girma na jibarelin. Idan ya miƙe, to ba ya iya haɗa sinadarin ne, kamar rikiɗaɗɗen da ake kira ga1. Idan ya yi biris, ko dai ba ya jin saƙon, kamar wanda ake kira gai, ko matsalar tana wani wajen daban.

To amma kada ka yi saurin raɗa suna. Ƙishirwa, ƙwari, zafin fitila, duk suna karkata fure. Akwai ma rikiɗar da zafi ke tayarwa: ap3-1, wata rikiɗar APETALA3, kusan lafiya take a ɗaki mai sanyi, sai an ɗumama ta bayyana sosai. Sai abin ya sake fitowa a zuriya ta gaba za ka yarda gado ne. Sannan ka yi barbararsa da lafiyayyen iyayensa: buɗe toho tun bai fashe ba, cire zaren namiji shida a hankali ba tare da ka ƙuje mahaifar ba, bayan kwana ɗaya ko biyu ka goga mata garin ɗayan furen, ka ɗaura zare a gindin don shaida. Idan 'ya'yan farko duk lafiya, jikoki kuma suka rabu kusan 3 lafiyayyu 1 rikiɗaɗɗe, ƙwaya ɗaya ce mai ɓuya. Maimaita wannan barbara aƙalla sau biyu ko uku, domin EMS kan bar ɗaruruwan sauye-sauye a tsiro guda, kai kuwa ɗaya kake nema.

Saura tambayar da ke sanyaya gwiwa: sabo ne, ko wani ya riga ka? Nemi sanannen rikiɗaɗɗe mai kama da naka daga rumbun iri na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka ko na Nottingham a Ingila, ka haɗa su. Idan 'ya'yan suka fito da rikiɗar, ƙwaya ɗaya kuka taɓa. Idan suka fito lafiya, kowanne ya toshe giɓin ɗan'uwansa, naka daban ne. A nan sai ka tara jikoki masu rikiɗar, ka haɗa ganyensu, a karanta gadonsu gaba ɗaya a nemo sauyin da dukkansu suka yi tarayya a kai. Hujja ta ƙarshe ita ce ka mayar da lafiyayyen kwafin cikin tsiron, ta hanyar tsoma furanninsa a ruwan bakteriyar Agrobacterium mai ɗauke da kwafin, dabarar da Clough da Bent suka wallafa a 1998. Shuka irin da ya fito, ka jira fure, ka ƙirga: 4, 4, 6, 2.