Yadda za ku gina manhajar burawuza sati biyu-biyu, kuna nunawa mai aiki yana gyarawa

Akwai wani aiki da muka taɓa karɓa ni da abokaina biyu, wani Alhaji ne mai shagon sari na kayan masarufi ya ce mu yi masa manhajar da yaran shago za su riƙa shigar da kaya da ciniki ta waya, muka karɓi rabin kuɗi muka ɓace wata huɗu cur muna ta rubuta kod, babu wanda ya sake leƙa shagon. Ranar da muka je nuna masa ya daddanna ya daddanna, ya ɗago kai ya ce "to yarana ina wurin bashi?" Ashe kusan rabin cinikinsa bashi ne, a ɗauki kaya yau a kawo kuɗi ranar kasuwa, mu kuwa duk tsarinmu an gina shi ne kan a biya nan take. Laifinmu ne ba nasa ba, da mun nuna masa ko da fom ɗaya ne a sati na biyu da tun a nan zai faɗa.

Abin da ake ce wa Agile, wato gina manhaja kaɗan-kaɗan ana nuna wa mai ita ana gyarawa, maganin irin wannan ne. A watan Fabrairu 2001 wasu masu rubuta manhaja su 17 suka haɗu a Snowbird a jihar Utah ta Amurka suka fitar da wata gajeriyar sanarwa mai ginshiƙai huɗu da ƙa'idoji 12, kuma abin da ya fi shafarmu a ciki shi ne sun fifita manhajar da take aiki akan tulin takardu, sun fifita karɓar canji akan liƙewa tsarin da aka rubuta tun farko. Scrum da kuke ji hanya ɗaya ce kawai daga cikin hanyoyin, Ken Schwaber da Jeff Sutherland ne suka gabatar da ita a 1995, akwai XP ta su Kent Beck, akwai Kanban da asalinta daga masana'antar motocin Toyota ne. Ni ba na bin ko ɗaya ɗari bisa ɗari, in ku uku ne kuka ce sai kun yi duk tarukan da kamfani mai ma'aikata ɗari ke yi to lokacin aikin ma ba za ku samu ba.

Manhajar da nake magana akai ita ce wadda ke buɗewa a burawuza amma tana aiki kamar wadda aka girka a kwamfuta, ka danna abu ya canza nan take ba sai duk shafin ya sake lodi ba. Gmail a 2004 da Google Maps a 2005 su suka nuna wa duniya abin zai yiwu, a 2005 ɗin ne Jesse James Garrett ya raɗa wa dabarar suna Ajax. A da mutane da yawa da Flash suke irin wannan, yanzu kam ya mutu, Adobe ta daina tallafa masa ranar 31 ga Disamba 2020, saura JavaScript, yaren kod da burawuza ke ganewa, da 'ya'yansa irin su React da Facebook ta saki a 2013 da Vue da ya fito a 2014. Kuma irin wannan manhaja ita ta fi kowace buƙatar a riƙa nunawa akai-akai, don yadda abu ke motsi a hannun mutum ba ya rubutuwa a takarda, sai ya riƙe wayar sannan zai san ko ya yi masa.

To ga yadda nake yi yanzu.

Kafin ka buɗe laftof ka je wurin da za a yi amfani da abin ka zauna wuni guda, ka kalli yadda yaron shago ke rubuta ciniki a littafi, wane irin waya ke hannunsa, netwok na kamawa a cikin sito ko sai an fito bakin ƙofa. Daga nan sai ku rubuta buƙatu a kati-kati, kowane kati jimla ɗaya da ke faɗin waye, me yake so, don me. Misali: a matsayina na yaron shago ina so in rubuta kayan da aka ɗauka bashi da sunan wanda ya ɗauka, don Alhaji ya san nawa ke waje. A bayan katin ku rubuta abubuwa biyu ko uku da za a duba a ce ya yi, kamar in an biya rabi sauran ya nuna daidai. Kar ka rubuta kati irin "a yi rumbun bayanai", wannan ba buƙatar kowa ba ce, hanya ce kawai.

Sai jera katunan daga mafi muhimmanci zuwa ƙasa, kuma mutum ɗaya tak ne zai riƙe wannan jerin. In mai shago ya ce wannan, ɗansa da ya dawo daga jami'a ya ce wancan, manaja ya kira ku da dare ya ce a'a ga wani, kun shiga uku. Tun ranar farko ku roƙi a ba ku mutum ɗaya wanda maganarsa ce ta ƙarshe.

Nan ne wurin da na fi so ku tsaya ku fahimta, yadda ake yanka aiki. Yawancinmu muna yankawa a kwance ne, wata na farko a tsara rumbun bayanai gaba ɗaya, wata na biyu a rubuta API gaba ɗaya, wato hanyar da fuskar manhajar ke magana da saba, kwamfutar da ke riƙe manhajar a intanet, wata na uku a zo kan fuskar manhajar, to kun ga har wata uku babu abin da za ku iya miƙa wa mutum ya danna. Ku yanka a tsaye. Ku ɗauki buƙata ɗaya siririya ku yi ta tun daga fuska har saba har rumbun bayanai, misali shigar da kaya ɗaya da sunansa da farashinsa a adana a gan shi a jeri, shi kenan, babu hoto babu bincike babu rahoto, ko kala ba sai kun sa ba. Ku ɗora shi akan saba ta gaske a zangon farko, wato sati biyun farko, ba a laftof ɗinka kawai ba, saboda matsalolin ɗorawa irin su dokokin tsaro na HTTPS da CORS da saitin sirri gara su cije ku a sati na farko da su cije ku daren miƙa aiki.

Zango, wato abin da Scrum ke kira sifirint, ƙa'idarsa kar ya wuce wata ɗaya, ni sati biyu nake yi. Ranar farko ku zauna ku ɗebo katuna daga saman jeri gwargwadon ƙarfinku. Wajen kintata nauyin kati mutane na amfani da lambobin 1, 2, 3, 5, 8, 13, kowa ya ɓoye tasa a fito da su lokaci ɗaya, kuma amfanin abin ba lambar ba ce, gardamar ce, in kai ka ce 2 abokinka ya ce 8 to akwai abin da ɗayanku ya gani ɗayan bai gani ba. Duk katin da ya kai 13 ku raba shi. Kuma don Allah kar ku cika zango taf, mu da muke fama da NEPA da janareta da data mai ƙarewa tsakiyar aiki, ga ɗaurin aure ga ta'aziyya, ku bar sarari.

Taron kullum minti 15 ne, ba ya wucewa. Mu sau tari a WhatsApp muke yi, kowa ya turo saƙon murya da safe, me ya gama, me zai kama, me ya tare shi. In magana ta yi tsawo mutum biyun da abin ya shafa su koma gefe. Allo kuma ko Trello ko GitHub Projects ko bango da takarda mai manne, layi uku ya isa, za a yi, ana yi, an gama. Dokar da na aro daga Kanban ita ce kowa kati ɗaya a hannu, ka gama kafin ka ɗauki wani, don mun taɓa samun kati tara a layin "ana yi" babu ko ɗaya a "an gama".

Kalmar "an gama" ɗin nan ku rubuta ma'anarta ku manna. A wurinmu kati bai gamu ba sai wani ya karanta kod ɗin, gwaje-gwaje sun wuce, an haɗe reshensa, wato kwafin kod ɗin da mutum ke aiki a kai, da babban reshe a Git, ma'ajiyar kod ɗinmu, an ɗora, an kuma gwada a waya. Reshe kar ya kwana fiye da biyu ko uku ba a haɗe ba, in ya yi sati biyu ranar haɗewa za ku yi kuka. Ku saita GitHub Actions ya riƙa gudanar da gwaji duk sanda aka tura kod, ba sai gwaji ɗari ba, ku fara da lissafin kuɗi, sannan guda biyu ko uku da kayan gwaji irin su Playwright ko Cypress da za su bi hanyar da aka fi bi, shiga, rubuta ciniki, ganin jimla. Tunda na ambaci kuɗi, kar ka ajiye naira da ɗigo a JavaScript, buɗe konsol, wato wurin gwada kod a burawuza, ka rubuta 0.1 + 0.2 ka gani zai ba ka 0.30000000000000004, ajiye komai a kobo a matsayin cikakkiyar lamba sai wajen nunawa ka raba da 100.

Akwai abin da manhajar burawuza ta keɓanta da shi wanda dole ya shiga kowane kati. Duk shafi yana da fuska fiye da ɗaya, yadda yake in yana jiran bayanai, yadda yake in babu komai a ciki, yadda yake in saba ta ƙi amsawa, da yadda yake in netwok ya ɗauke ana tsakiyar cike fom. Mu masu kod fuskar da komai ya tafi daidai kawai muke ginawa saboda laftof ɗinmu na kusa da rawuta. Buɗe DevTools na Chrome, wato kayan aikin masu kod da ke cikin burawuzar, a ɓangaren Network ka rage gudun zuwa 3G ka kuma gwada Offline, sannan ka ari ƙaramar Android mai arha ka buɗe a ciki, za ka ga fayil ɗin JavaScript ɗin da kake ganin ba komai ba ne yana sa waya ta daskare. In ya yi nauyi ka raba shi, kowane shafi ya sauko da nasa lokacin da aka buɗe shi.

Ga wata da ta taɓa ba mu kunya. Netwok ya yi sanyi, yaro ya danna "adana" bai ga komai ba ya sake dannawa ya sake, ciniki ɗaya ya shiga sau uku, da yamma lissafi ya ƙi haɗuwa har aka fara zargin yaron. Gyaran kashi biyu ne, ka kashe maɓallin da zarar an danna ka nuna alamar jira, amma wannan kaɗai bai isa ba, sai ka sa burawuza ta ƙirƙiri lamba ta musamman ga kowane ciniki tun lokacin buɗe fom, crypto.randomUUID() na yin wannan, a rumbun bayanai kuma ka sa dokar cewa lambar ba ta maimaituwa, ko sau goma aka turo sau ɗaya zai zauna. Haka nan akwatin bincike, wani zai rubuta "ƙwai" wani "kwai" don allon wayarsa babu ƙ, ka sa binciken ya ɗauki ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b a matsayin abu ɗaya.

Ranar ƙarshen zango ku je nuni. Kar ka riƙe wayar kana bayani, miƙa wa wanda zai yi aiki da ita ka ce shigar min da kwali biyar na taliya bashi, sai ka yi shiru, shirun nan da wuya amma ka daure. Duk inda ya tsaya yana neman maɓalli rubuta shi. Abin da ya fito a nuni ya koma kati ya shiga jeri, ba wai ku fara gyara a wurin ba. Bayan nan ku kaɗai ku zauna rabin awa ku waiwayi zangon, me ya tafi daidai me ya ci mana lokaci, ku zaɓi abu ɗaya kacal da za ku canza a zango mai zuwa, in kun zaɓi goma babu wanda za a yi.

Saura maganar kuɗi, don a nan Agile ke karo da yadda aka saba ciniki a wurinmu, kwastoma na so a yanke farashi ɗaya tun farko sannan kullum ya zo da "ɗan ƙaramin abu ne kawai ku ƙara min". Abin da ya yi min aiki shi ne a yi ciniki akan adadin zango, misali zango shida, ana biya duk bayan zango biyu, jerin katuna kuma nasa ne ya juya yadda ya ga dama kafin zango ya fara. In ya kawo sabon abu sai in buɗe allon a gabansa in ce ranka ya daɗe za a yi, amma wanne za mu sauke ƙasa a madadinsa? Alhajin can da na ba ku labari da muka koma wannan tsari, katin rahoton wata-wata mai zane-zane da muka ɗauka shi ne zai burge shi sau uku yana tura shi ƙasa, a madadinsa ya ce a sa masa maɓallin da zai tura wa mai bashi tunatarwa ta WhatsApp, har muka miƙa aikin ba a yi rahoton ba kuma bai sake tambaya ba.