Kurakuran da ke cin ofishin lauya a Sakkwato, da yadda ake gyara su

Lauyan da ya buɗe ofis na ƙashin kansa a Sakkwato yakan zo da isasshen ilimin doka daga jami'a da makarantar horon lauyoyi. Abin da yake koya da wahala, sau da yawa bayan ya tafka asara, shi ne riƙon kuɗin mutane, da kiyaye ranaku, da adana takarda. A garin da kusan duk wanda ya shigo ofis ɗan'uwa ne, ko suruki, ko wanda wani dattijo ya turo, kunya takan hana a rubuta abin da ya wajaba a rubuta. Daga nan yawancin ɓarnar take farawa.

A fara da kuɗin aiki. Mutum ya zauna ya zayyana maka rikicin gonarsu tun daga kakanni, ka kawo maganar lada, ya ce: “Haba Barista, wagga magana ta kuɗɗi a bar ta sai an ƙare shari'a.” Ka ji nauyi ka yi shiru. Shekara biyu kana zirga-zirga, kai ke zuba mai, kai ke biyan kuɗin shigar da takardu, ranar da aka yi nasara kuwa sai godiya da addu'a. Addu'a abin so ce, amma mai gidan haya da akawunka albashi da haya suke jira. Gyaran shi ne takardar yarjejeniya tun zaman farko, ko da shafi ɗaya ce: wane aiki za a yi, a wace kotu, nawa ne, yaushe za a biya, kuma ɗaukaka ƙara tana ciki ko ba ta ciki. A karanta masa da Hausa kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Tun 2023 akwai dokar da ta ƙayyade mafi ƙarancin abin da lauya zai karɓa, saboda haka kana da abin da za ka nuna wa mai neman ragi ba tare da an ɓata ba. In kuma ta kai ga neman haƙƙinka a kotu, sashe na 16 na Dokar Lauyoyi ya ce sai ka miƙa masa takardar lissafi mai bayanin ayyukan da ka yi, da sa hannunka, ka kuma jira wata guda. Lauyoyi da dama sun rasa kuɗinsu saboda tsallake wannan matakin.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne cakuɗa kuɗin mutane da na ofis. An sayar da gidan gado, mai saye ya turo kuɗin asusunka, magada suna jiran a kammala rabo. Haya ta taso, ko kuɗin makarantar yara, sai zuciya ta ce ka ɗan taɓa ka mayar ƙarshen wata. Kusan duk wanda ya faɗa wannan ramin da niyyar mayarwa ya fara. Ƙarshen wata ya zo, wanda kake sa ran zai biya ka bai biya ba, ga babban wan magada ya iso daga Illela yana neman kasonsa yau yau. Daga nan sai kashe waya, sai “Barista ba ya nan”, sai ƙorafi gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi, wanda ke da ikon dakatar da mutum ko soke sunansa baki ɗaya. Ƙa'idojin asusun lauyoyi na 1964 sun wajabta buɗe asusu dabam na kuɗin waɗanda kake wakilta. A buɗe shi, kada a haɗa shi da katin cirar kuɗi, a ajiye littafi mai shafin kowane mutum: abin da ya shigo, abin da ya fita, da ranar. Kuɗin marayu da zawarawa ne ke bi ta hannunmu, kuma duk wanda ya tashi a garin nan ya san abin da aka faɗa kan cin amana tun yana makarantar allo. Haka nan a daina karɓar kuɗin cinikin fili a jaka. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba, kamfani kuma miliyan 10, sannan ƙa'idojin aikin lauya na 2023 sun ɗora wa lauya nauyin sanin wanda yake yi wa aiki.

Sa hannu ƙaramin abu ne da ke rusa babbar shari'a. Tun 2007, a shari'ar Okafor da Nweke, Kotun Ƙoli ta ce takardar kotu da aka sa wa hannu da sunan ofis, maimakon sunan lauyan da ke cikin rajista, ba ta da inganci. Har yanzu akan ga takarda da sunayen lauyoyi huɗu a jere, da sa hannu ɗaya, ba a nuna na wane ne ba. A yi alama a gefen sunan wanda ya sa hannun. Hatimin ƙungiyar lauyoyi da lauya ke liƙa wa takardunsa yana da ɗan sauƙi, domin a shari'ar Yaki da Bagudu ta 2015, wadda ta taso daga maƙwabciyarmu Kebbi, kotun ta ce ana iya gyara rashinsa daga baya, amma me zai sa ka ba abokin hamayya abin da zai ja maka ɗage zama? A biya kuɗin lasisin shekara kafin 31 ga Maris, a nemi hatimi da wuri.

Ranaku kuwa kada a bar su a ka. Ɗaukaka ƙara daga Babbar Kotu kan hukuncin ƙarshe a shari'ar da ba ta laifi ba wata uku ne, kan hukuncin tsakiyar shari'a kwana 14, ƙarar zaɓe kwana 21 daga bayyana sakamako, kai ma'aikacin gwamnati ƙara kan abin da ya yi a bakin aikinsa galibi wata uku. Ranar da fayil ya shigo a lissafa wa'adinsa, a rubuta da jan biro a bangon fayil da kundin ofis, a sa mutum biyu su san da shi.

Akwai kuskuren da ya fi damuna domin talaka yake cuta, wato kai ƙara kotun da ba ta da hurumi. An yi shari'ar gona a kotun shari'ar Musulunci, wanda bai gamsu ba ya zo wurinka, ka nufi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci kai tsaye saboda daga kotun Musulunci aka fito. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya taƙaita huruminta ga aure, da gado, da wasiyya, da kyauta, da waƙafi, da riƙon yara da makamantansu. Jayayya kan wanda ya sayi gona ko wanda ya ara, in ba ta shafi waɗannan ba, Babbar Kotu ake kai ta. Mutum zai yi shekaru yana sayar da tumaki yana biyan kuɗin mota daga Gwadabawa ko Tambuwal, ya ci nasara, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya da ke nan Sakkwato ta soke komai ta ce a koma baya. Kafin ka rubuta takardar ɗaukaka ƙara, ka karanta da'awar kamar yadda mai ƙara ya faɗe ta a kotun farko, domin ita ce ke nuna hanya. Kuma tunda da Hausa ake rubuta zaman waɗannan kotuna, ka ɗora fassarar Turanci kusa da asalin ka bi su layi layi. In mai fassara ya mayar da aro ya zama kyauta, ko jingina ta zama sayarwa, shari'ar ta sauya kama tun ba a fara sauraro ba.

Sai yawan shiru ga wanda shari'arsa ke hannunka. An ɗage zama, ba wanda ya gaya masa, ya yi sammako ya zo ya tarar da kotu ba ta zauna ba. Saƙon murya na minti ɗaya ta WhatsApp bayan kowane zama ya wadatar, a faɗi abin da ya faru da ranar komawa, a kuma rubuta a fayil cewa an sanar da shi. Ƙaramin lauyan da ya je kotun shi ya fi dacewa ya yi wannan, muddin an ba shi fayil tun jiya ya karanta, an kuma biya shi kuɗin mota da albashinsa a kan lokaci.