Yadda za ka jagoranci zauren WhatsApp mai mutane masu ra'ayi daban-daban

Duk wanda ya saba zaman fada da daddare a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo da ke Maraɗi ya san cewa mahawarar da ake yi a bakin butar shayi ta koma cikin waya. Mai goyon bayan mahukunta da mai sukarsu, da ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ɗan kasuwar da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, duk a zaure ɗaya suke haɗuwa. Idan kai aka ɗora wa jagoranci, amana ce babba.

Da farko ka tsayar da magana guda wadda ta shafi kowa, kamar magudanar ruwan unguwa da ke toshewa da damina ko tsadar gero, ka rubuta ƙa'idojin zauren, sannan ka sake faɗinsu da murya saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Ka ɗauki mataimaki daga cikin waɗanda ra'ayinku ya saɓa, domin ranar da za a goge saƙon wani, hukuncin mutum biyu da ba su jituwa a siyasa ya fi karɓuwa a wurin jama'a.

Aikin da ya fi nauyi shi ne tantance abin da ake turowa. Saƙon da ke ɗauke da kibiya biyu ya ratsa hannu da yawa kafin ya iso gare ku, shi ya sa WhatsApp ba ya bari a tura shi sai wuri ɗaya a lokaci guda. Idan hoto ne, ka saka shi a manhajar binciken hoto ta Google Lens ka ga inda ya fara fitowa, don sau da yawa abin da ya faru a wata ƙasa shekarun baya ne ake cewa na jiya ne a Maraɗi. Saƙon murya ya fi wuya, kuma shi na fi tsoro, domin muryar da ta yi rantsuwa da Allah tana shiga zuciya nan take. Ka tambayi wanda ya turo: wa ya yi maganar, a ina, yaushe? In babu amsa, ka goge shi wa kowa, ko da ya yi daidai da ra'ayinka.

Ka sanar da mutanenka matsayin doka. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019. A 2022 an cire hukuncin ɗauri kan zagi da ɓata suna, amma a watan Yunin 2024 an dawo da shi. Saƙonnin WhatsApp a kulle suke tsakanin mai aikawa da mai karɓa, sai dai kowane ɗan zaure yana iya ɗaukar hoton allo ya fitar.

Kowa ya kunna tabbatarwa ta mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri da ke kare WhatsApp ɗinsa daga masu kutse, kuma kada ya bai wa kowa lambobi shida da ke zuwa ta saƙon tes, ko da mai roƙon ya zo da sunan ɗan'uwa. Haka nan a hana shiga zauren sai da amincewar jagora.

Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021 an katse intanet ɗin waya kusan kwana 10. Saboda haka ka rubuta lambobin mutanenka a littafi, ku kuma amince tun yanzu a kan fadar da za ku haɗu da ranar haɗuwar idan layi ya ɗauke.