Yadda Ake Koya wa Yaran Ƙauye Rayuwar Yanyawar Ƙanƙara

Malamai sabbin shiga sukan rubuta a allo cewa gashin yanyawar ƙanƙara yana ba ta zafi, yara su haddace. Kuskure ne. Gashi ba ya haifar da zafi, wanda jiki ya samar yake tsarewa, kuma a kan wannan darasin ya tsaya.

Ka bari sai hunturu, Disamba ko Janairu, darasin farko da safe. Fara da yanyawar da yaran Gumel da Maigatari suka sani, mai manyan kunnuwa. Sannan ka ce tana da 'yar'uwa, wato yanyawar ƙanƙara, a arewacin Kanada, Alaska da Saberiya, nauyinta kamar kilo 3 zuwa 5, tana jure sanyin digiri 50 ƙasa da sifili.

Samo kwalaben roba biyu iri ɗaya masu murfi, da auduga, da zare. Ba sai an sayi audugar kemis ba, ta gona ko ta tsohuwar katifa ta wadatar. Cika su da ruwan zafi daga buta ɗaya a lokaci ɗaya. Kada ya zama tafasasshe, robar za ta lanƙwashe, yaro ya ƙone. Naɗe ɗaya da auduga, a matsayin gashin dabbar, kaurin yatsu uku, har gindi da wuya, ɗayar ka bar ta tsirara. Ajiye su a inuwa minti 30.

Wurin ɗauri ake ɓata aikin. In ka matse zaren tamau, audugar ta danƙare, iskar da ke maƙale a cikinta ta fice, alhali ita ce mai riƙe ɗumin. Ɗaura sako-sako. In ruwa ya jiƙa ta, canza wata. Kuma kada yara su yanke hukunci da taɓa bayan audugar: za su ji ta da sanyi, su ce ba ta yi komai ba. Buɗe murfin, zuba wa kowa kaɗan a tafin hannu daga kowace kwalba. Mai gardama kuwa, tambaye shi dalilin da mai sayar da ƙanƙara ke lulluɓe ta da buhu. Da lulluɓi na kawo zafi, ai narkewa za ta yi.

Kunnuwa ba wuya. Zuba shayi a kofi da faranti, na farantin zai riga hucewa saboda faɗinsa. Shi ya sa tamu ke da kunnuwa fankama-fankama don fitar da zafi, waccan kuma nata gajeru ne, haka baki da ƙafafu, har tafin ƙafarta gashi ne. In za ta kwanta sai ta dunƙule, ta rufe hanci da jela.

Sauran ka faɗa da baki: fara fat take a lokacin sanyi, ta koma ruwan ƙasa a lokacin zafi, tana jin motsin ɓeraye a ƙarƙashin dusar ƙanƙara ta daka tsalle ta cafke, tana binne ƙwan tsuntsaye don lokacin yunwa. A 2018 an bi sawun wata da na'ura, ta yi tafiyar kilomita 3,500 daga tsibiran Norway zuwa Kanada cikin kwana 76. Sa su lissafa kilomita nawa ke nan a rana.