Yadda na gyara RX-8 ɗina da ke ƙin tashi

Mazda RX-8 ce 'yar Kwatano, ƙirar 2005, ta haura kilomita 150,000. Da safe sai kik ya yi ta juyawa, injin shiru, ga warin fetur.

Injinta ba mai fistin ba ne, rota biyu, wato ƙarafa masu kusurwa uku, ke juyawa a ciki. In aka tayar da shi aka kashe bai ɗumi ba, fetur yakan jiƙe fulogi. Dabarar farko: na danne totur har ƙasa ina murza makulli, hakan yana yanke fetur, har ta kama.

Amma tushen ciwon tsufa ne. Bakanike ya gwada kwayil, masu ba fulogi wuta, biyu sun mutu. Na sa ya canja duka huɗun da fulogi huɗu da wayoyinsu, da sabon batir. Kuɗin ya cije ni, don sai an yi oda.

Yanzu ba na kashe ta sai allurar zafi ta motsa. Baƙin mai kuwa da gangan injin ke ƙona shi, ina dubawa duk shan fetur na biyu. Mai son saye, ya sa a auna matsin injin tukuna, don in ya sauka, sauke inji ne.