Yadda za ka duba sabon filin Everton da ƙafarka kafin ka shiga gardamarsa

Ni ɗan Kaduna ne, kuma tun zamanin da Daniel Amokachi ya ci Tottenham ƙwallo biyu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA a 1995 nake bayan Everton. Yanzu da zama ya kawo ni arewacin Ingila, 'yan'uwa kan tambaye ni wa ke da gaskiya a rigimar sabon filin Everton na bakin kogin Mersey a birnin Liverpool, wanda aka gina a kan tsohuwar tashar jiragen ruwa da aka cike da yashi, tsakanin masu cewa an raya unguwar da ta mutu da masu cewa an binne tarihi da yashi. Shawarata ga duk wanda Allah Ya kawo Liverpool ita ce ya ware rabin yini ya taka wurin. Ga yadda nake ganin ya fi dacewa a yi.

Kada ka fara da ranar wasa. Ranar wasa mutum sama da 52,000 ne ke tururuwa, ba za ka ga komai ba sai ƙeyar na gabanka. Zaɓi ranar da ba a buga ƙwallo, ka sa riga mai kauri ko da ka ga rana ta fito, don iskar kogin nan ba ta da tausayi. Idan ka sauka a tashar jirgin ƙasa ta Lime Street, gangaro Pier Head inda ginin Royal Liver yake, wanda aka gama a 1911, sai ka fuskanci arewa, kogi yana hannunka na hagu. Akwai jirgin Merseyrail da zai sauke ka a Sandhills, tashar da ta fi kusa da filin, amma ka bar shi sai dawowa. Wanda ya bi ta can da farko ya tsallake abin da ake gardama a kansa.

Farkon tafiyar dogayen gidaje ne na zamani da otal-otal, ka wuce su da sauri, sai dai ka riƙe abu ɗaya a ranka. Wannan yanki yana cikin shirin gine-gine da ake kira Liverpool Waters, kuma saboda shi ne UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa birnin cikin jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari tun 2012, shekaru kafin a aza tubalin filin ƙwallo. Birnin ya sami matsayin wurin tarihi na duniya a 2004, aka ƙwace a Yulin 2021. Duk wanda ya ce maka Everton ce kaɗai ta jawo haka bai faɗi duka ba. Wanda kuma ya ce ba ruwan Everton shi ma ya kauce, domin an ambaci filin cikin dalilan hukuncin.

Inda nake so ka rage sauri shi ne titin Regent Road. A hagunka za ka ga doguwar katanga, da ƙofofi masu hasumiyar dutse. Matsa kusa ka ɗora tafin hannunka a kan ɗaya. Duwatsun ba girmansu ɗaya ba, wani kamar kan mutum, wani bai wuce tafin hannu ba, amma an jera su sun ciji juna har da ƙyar ka sami inda za ka cusa farce. Aikin Jesse Hartley ne, injiniyan da ya gina waɗannan tashoshin jiragen ruwa a tsakiyar ƙarni na 19. A damanka kuma akwai katafaren sito na taba a Stanley Dock, na jan bulo, wanda aka gama a 1901. Idan ka leƙa ta wajen kogi za ka hango hasumiyar Victoria mai agogo fuska shida, wadda aka gama a 1848, ma'aikatan jirage kuma da ita suke duba lokaci a da. Mu ma wannan gaɓar ta shafe mu: a da daga Liverpool jiragen ruwan kamfanin Elder Dempster ke tashi zuwa Legas, nan ne kuma gidan kamfanin John Holt da iyayenmu suka sani. Kafin su, dukiyar birnin ta ginu da cinikin bayin da aka kwaso daga Afirka, wanda Birtaniya ta haramta a 1807.

Daga nan sai Bramley-Moore Dock, inda filin yake. An buɗe ta a 1848, kwal ake lodi a cikinta, kuma da ma'adinan kwal suka durƙushe aka rufe ta a 1988. Shekaru sama da talatin tana bayan katanga, talakan unguwar ba ya iya shiga. Ka tuna da wannan idan wani ya ce an hana mutane tarihinsu.

Da ka shiga farfajiya, kada ka ɗaga kai sama tukuna, dubi ƙasa. Za ka ga tsofaffin layukan dogo da duwatsun daɓe da ƙarafan da ake ɗaure jirage, an cire su an gyara an mayar. Sannan nemi hasumiyar jan bulo ta 1883, wadda a da injinta ke ba da ƙarfin ruwa na buɗe ƙofofin tashar. Kafin aikin nan ta kusa rushewa, yau tana tsaye da rufinta. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a hannun magoya bayan kulob ɗin, kuma na yarda da ita.

Hujjar ɗaya ɓangaren tana ƙarƙashin ƙafarka. Inda ciyawa take yanzu, ruwa ne a da. An zuba yashi kusan kubik mita 480,000 da aka yaso daga teku aka cike ramin. Masu ginin sun ce bangon tashar yana nan lafiya a ƙasa, idan wata rana an rushe filin za a iya tono shi. Hukumar kula da wuraren tarihi ta Ingila, Historic England, ba ta gamsu ba, ta yi adawa da aikin, amma majalisar birnin ta amince a Fabrairun 2021, gwamnati kuma ta ƙi sa baki. Zagaya ta yamma ka ga siririyar mashigar ruwan da aka bari, ka kwatanta ta da faɗin Nelson Dock da ke maƙwabtaka, za ka gane girman abin da ya tafi. Ni dai ina ganin abin da aka ceto ya fi abin da aka rasa, amma ba na jin daɗin masu cewa ba a rasa komai ba, kuma maganar tono tashar wata rana ban ɗauke ta da nauyi ba.

Idan da sauran ƙarfi, hau mota zuwa Walton ka ga Goodison Park, gidan Everton tun 1892. Wasan maza na ƙarshe a can shi ne na 18 ga Mayun 2025, Iliman Ndiaye ɗan Senegal ya ci Southampton biyu, shi ne kuma ya buɗe cin ƙwallo a gasar Firimiya a sabon filin, a kan Brighton a watan Agusta. Ba a rushe Goodison ba, an bai wa ƙungiyar mata. Amma tsaya ka yi hira da masu ƙananan shagunan abinci na layukan da ke kewaye, waɗanda cinikinsu ya dogara da taron ranar wasa. A gardamar nan su ne aka fi mantawa da su.

Sai bayan wannan ka nemi tikiti. Saya ta shafin kulob ɗin kawai, da wuri, kada ka amince da mai sayarwa a bakin titi. Kada ka je da mota, an taƙaita ajiye motoci a unguwannin da ke kusa. Bayan an tashi layin Sandhills kan yi tsawo sosai, don haka idan ƙafarka lafiya, bi ayarin masu komawa cikin gari ta Regent Road, sau da yawa za ka riga masu jiran jirgi isa.